Yadda zaka sayi shotgan ta hannu da araha a Amurka, ka shirya ta don tsaron gida

Wannan bayanin na ƴan'uwa mazauna Amurka ne, su da dokar ƙasar ta ba damar mallakar bindiga. In kana Najeriya lamarin daban yake, dokar bindigogi ta 1959 ta ce sai da lasisi, kuma ƴan sanda sun sha sanar da cewa sun dakatar da bada sabo, don haka kar wani ya karanta wannan a Kano ko Maraɗi ya ce ai ance a je a nemo. Ga wanda ke nan kuma, abin da zan faɗa gaba ɗaya bai wuce wannan ba: ka sayi tsohuwar fam-akshin, wato shotgan mai famfo a ƙarƙashin baki da ake ja baya a tura gaba don loda harsashi, daga cikin sanannun nan, wadda ba a yi mata kwalliya ba, kuɗin da ka rage ka zuba su a tocila, da gindin da ya yi daidai da jikinka, da akwatin kullewa, da harsashin koyo. Sauran tarkacen da ake liƙa wa bindiga yawancinsu ado ne kawai.

Da farko, kai ɗin doka ta yarda ka riƙe bindiga?

Mutanenmu da yawa nan suke tsallakewa, alhali nan ne ake shiga uku. Ɗan ƙasa da mai girin kad duka suna iya saya. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga ko harsashi, sai in ya faɗa cikin ƴan keɓewar da aka yi, wadda aka fi sani ita ce riƙe lasisin farauta mai aiki daga wata jiha, kuma ko hakan ne gara ka zauna da lauyan shige da fice kafin ka taɓa komai, saboda kuskure ɗaya a nan yana iya cinye maka takardu. Wanda bizarsa ta ƙare ko ba shi da takardu kwata-kwata, babu hanya, a bar maganar. Haka wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan babban laifi, ko kan dukan mata ko iyali ko da ƙaramin hukunci ne, ko wanda kotu ta sa wa takunkumin kusantar matarsa. Da mai shan wiwi, eh, ko da jiharka ta halatta ta, tarayya ba ta halatta ba kuma fom ɗin yana tambaya.

Fom ɗin da nake nufi shine 4473, wanda zaka cika a duk shagon da ke da lasisin tarayya, masu lasisin da ake kira FFL. Mai shagon zai tura bayananka ga NICS, tsarin binciken da FBI ke gudanarwa tun 1998, yawanci cikin ƴan mintuna amsa take dawowa, wani lokacin kuma a ce ka jira, musamman in sunanka irin namu ne da mutum dubu ke amsawa. Saka lambar soshal sikiriti ba dole bane a fom ɗin amma tana rage wannan jiran. Ƙarya a fom ɗin babban laifi ne. Sayen bindiga da sunanka don ka miƙa wa wani da ya baka kuɗi shima haka, dokar 2022 ta kai hukuncinsa har shekara 15, to dan Allah ko ɗan uwarku ɗaya ne ya ce ka saya masa tunda shi takardunsa ba su fito ba, ka ce masa a'a.

Sai dokar jiha, wadda ita ce ke bambanta sosai. A tarayya shekara 18 ta isa sayen doguwar bindiga a shago, amma Fulorida da Kalifoniya da wasu sun ɗaga zuwa 21. Ilinoi sai da katin izinin mallakar bindiga da ake kira FOID, Niu Jazi da Masacuset suna da nasu katin, cikin birnin Niu Yok ko shotgan sai da izinin ƴan sandan birnin, Kalifoniya kuma zaka jira kwana 10 kafin ka ɗauka. Tekzas ko Jojiya ka shiga, ka cika fom, ka fito da abarka a ranar. Ka shiga shafin ƴan sandan jiharka ka karanta da idonka, kar ka dogara da hirar masallaci bayan Juma'a.

Abu ɗaya kuma da ya shafe mu kai tsaye, masu tura mota da kaya gida a kwantena: bindiga, harsashi, har wasu sassanta, fitar da su daga Amurka ba lasisi laifin tarayya ne, can ma a tashar Legas ana kamawa, a farkon 2017 kwastam sun kama fam-akshin 661 a kwantena ɗaya. Ko tunanin kar ka yi.

Wacce zaka nema

Biyu ne suka cika kasuwa, Remington 870 da Mossberg 500, kuma dalilin da yasa nake cewa ka tsaya a kansu shine kayan gyara. An fara 870 a 1950, an ƙera sama da miliyan 11, ita kuma 500 ta fito a farkon shekarun 1960 kuma itama ta haura miliyan 10, don haka duk ƙauyen da ka je akwai mai gyaran da ya san cikinsu, kuma duk wani kamfanin da ke yin gindi ko tocila su yake fara yi wa. Akwai masu araha da ake shigowa da su daga Turkiyya, sababbi fil, wasunsu ma suna aiki lafiya, amma ranar da wani ɗan ƙarfe ya karye a ciki zaka sha yawo.

870 jikinta ƙarfe ne, ta fi nauyi, seftinta, wato abin da ke tare kunama, ɗan maɓalli ne a bayan kunamar. Amma 870 iri-iri ce. Wingmaster ita ce mai kyan, musamman tsofaffin, in ka ja ta zaka ji santsi. Mai suna Police an yi ta ne don ƴan sanda, in ka same ta ka riƙe. Express ita ce ta talaka, an fara ta a 1987, kuma waɗanda aka yi bayan 2007 lokacin da kamfanin ya koma hannun masu zuba jari sun yi ƙaurin suna wajen saurin tsatsa da kuma riƙe kwanso a ciki bayan an harba. Kamfanin ma sai da ya durƙushe sau biyu, 2018 da 2020, tsohuwar masana'antarsu ta Ilion a jihar Niu Yok aka rufe ta a 2024. Wato a 870 tsohuwa ta fi sabuwa sau da yawa, wanda abin daɗi ne ga mai neman ta hannu.

500 jikinta alminiyam ne, ta fi sauƙin ɗauka, seftinta yana sama inda babban yatsa ke kaiwa, don haka bahago ma ta yi masa. Tana da ƙugiya biyu masu jawo kwanso, ɗan ƙarfen da ke wurgo kwanson waje kuma da sukuru aka ɗaure shi, zaka iya canza shi da kanka, na 870 kuwa danne shi aka yi da ƙusa sai mai gyara. Maɓallin seftin 500 roba ne kuma yana fashewa, na ƙarfe ba shi da tsada. Yayarta 590 da 590A1 sun fi ƙarfi da tsada. Ƙanwarta kuma Maverick 88, wadda ake haɗawa a Eagle Pass ta Tekzas, sabuwarta ma ba ta cika wuce dala ɗari biyu da wani abu ba, kuma wannan ne ma'auninka: duk wanda ya ce zai sayar maka da tsohuwar fam-akshin gama-gari wadda ta sha wuya a kuɗin da ya ninka na sabuwar Maverick, ka tambaye shi me ke cikinta.

Tsofaffin gaske irin Winchester 1897 da Model 12 da tsoffin Ithaca 37, masu kyau ne a wajen masu tara kayan tarihi, amma ni ba zan ba sabon shiga shawarar su ba, domin in yatsanka na kan kunama ka turo famfon gaba tashi suke yi kawai. Mutumin da ya farka a firgice ƙarfe uku na dare ba ya buƙatar irin wannan.

Batun geji, wato ma'aunin faɗin ramin bakin bindiga, 12 ita ce kowa ke da ita kuma harsashinta ya fi yawa da araha. 20 ta fi ƙanƙanta, amma da yake bindigar kanta ta fi rashin nauyi, bugun da take yi a kafaɗa bai ragu yadda mutane ke zato ba. 12 da harsashi mai sassaucin bugu ta fi min.

Inda ake samun arahar

Shagon jingina shine na farko. Mutane suna kai bindiga su karɓi kuɗi su kasa fansa, mai shagon kuma ya karɓe ta a ƙasa sosai da kuɗin da ya liƙa, don haka akwai wajen ciniki, kuma su ma FFL ne, fom ɗin nan dai zaka cika. Na ƙananan garuruwa sun fi na cikin birni. Sai layin na-hannu a shagunan bindiga, har manya irin Cabela's suna da shi, can farashin bai cika motsi ba amma an ɗan duba kayan. Sai waɗanda ofisoshin ƴan sanda suka sauya suka sayar wa dillalai, waɗannan jikinsu duk ƙarzuwa saboda zaman mota amma ciki ba su sha harbi ba, kuma dama da gajeren baki suke zuwa. Suna fitowa ne rukuni-rukuni su ƙare da wuri.

A intanet akwai GunBroker inda ake gwanjo. Ba gidanka za a aiko ba, shagon FFL na kusa da kai za a aiko, ka je ka cika fom ka biya su ladan karɓa, kamar dala 25 zuwa 50 a yawancin wurare, ga kuɗin aikowa ga haraji, to ka haɗa lissafin duka kafin ka ce ka samu araha. Ka duba tarihin mai sayarwa, wanda ya ce a biya shi da katin kyauta ko kirifto ɓarawo ne. Baje kolin bindigogi na ƙarshen mako kuma, gaskiya an fi zuzuta shi, farashin sau da yawa ya fi na shago, sai dai ranar Lahadi da yamma lokacin da ba wanda ke son sake loda kaya a mota.

Saye hannu da hannu tsakanin mazauna jiha ɗaya halal ne a wasu jihohin ba tare da bincike ba, a wasu kuma dole a bi ta shago. Ni shawarata ko jiharka ta yarda, ku haɗu a shagon FFL ku biya ɗan ladan. Kai baƙo ne a ƙasar, ba ka san inda bindigar nan ta kwana ba, in ta sata ce a hannunka za a same ta. Wanda ya ƙi zuwa shago, ka bar masa abarsa.

Lokaci ma yana da tasiri. Bayan an rufe kakar farauta da bukukuwan ƙarshen shekara mutane na neman kuɗi, kaya na taruwa a shagunan jingina. Lokacin zaɓe ko wata tarzoma kuwa farashi tashi yake, 2020 shaguna wayam suka zama.

Duba ta kafin ka biya

Nan zan daɗe, don nan ne ake cin riba ko a yi asara. Ka tafi da ƙaramar tocila, da awo, da harsasan roba na gwaji guda biyu ko uku waɗanda ba albarushi a ciki, kuma ka nuna wa mai shago su tun kafin ka fito da su daga aljihu. Harsashi na gaske kar ya shiga shagon tare da kai.

Da an miƙo maka ita, bakinta ya kalli inda ba kowa, yatsa nesa da kunama, ka ja famfon baya ka leƙa ɗakin harsashi da bututun da ke ƙasa wanda ke ɗaukar sauran, ka sa yatsa ma ka taɓa, ko da a gabanka mai shagon ya duba. Ba raini bane, haka ake yi, shi kansa zai fi ganin girmanka.

Sai lambar jikinta. In an kankare ko an goge ko an yi mata wani ƙwaƙule, ajiye ta ka fita, riƙe irin wannan laifi ne shi kaɗai. Sai rubutun da ke jikin bakin, zai gaya maka geji da tsawon harsashin da take ci, inci 2¾ ko 3. Mai cin 3 tana cin 2¾, amma mai 2¾ kar a kuskura a sa mata 3, zai shiga kuma zai tashi, matsin ne zai wuce ƙa'ida.

Ka roƙi izini a cire bakin, a waɗannan biyun murfi ɗaya ake warwarewa ya fito. Ɗaga shi wajen haske ka leƙa. Ya kamata ciki ya yi sheƙi sumul. Datti ba komai bane, yana fita, har ma yana taimaka maka wajen ciniki. Abin gudu shine ƙananan ramukan da tsatsa ta ci, da wani zobe mai duhu a ciki, wanda ke nuna an taɓa harbawa da wani abu toshe a bakin har ya kumbura. Ka bi bayan bakin da yatsu biyu daga farko har ƙarshe a hankali, kumburi ko loɓawa yatsa yana jin abin da ido bai gani ba. Ka kalli ƙarshen bakin, in ka ga alamar zarto ko yankan ya karkace to wani ya yanke a gareji, fito da awonka. Ana aunawa ne da bindigar a rufe, a zura sanda ta baki har ta taɓa fuskar ƙarfen da ke rufe ɗakin harsashi, a yi alama a auna. Dokar 1934 ta ce bakin shotgan kar ya gaza inci 18, tsawonta duka kar ya gaza 26, abin da ya gaza haka ba tare da rajistar ATF ba, hukumar tarayya mai kula da bindigogi, yana iya kai mutum shekara 10 a gidan yari. Shi yasa kamfanoni ke yin 18.5, don a bar tazara.

A mayar da bakin, ka ja famfon sau da yawa. Ɗan ƙara da girgiza a Mossberg al'ada ce. Abin da ba a so shine ya cije a tsakiya, ko sandunan ƙarfe biyun da ke haɗa famfon da ciki su zama a lanƙwashe. Ka tura shi gaba ya kulle, sannan ka ja baya ba tare da danna maɓallin saki ba, bai kamata ya buɗe ba. Sa sefti, nemi izini, ja kunama da ɗan ƙarfi, kar ta saki. Cire seftin, kar ta saki da kanta. Sannan ka loda na robar nan ka ga suna hawa ɗaya bayan ɗaya suna fita da ƙarfi, in biyu suka fito tare daga bututun ƙasa akwai gyara a gaba.

Katako kuma ka duba daidai inda ya haɗu da ƙarfe, nan yake tsagewa. Kawunan sukurori in duk sun cinye, wani mai karambani ya sha buɗe ta. Ƙarzuwa da koɗewar launi kuwa kar su dame ka ko kaɗan, su ne ma arahar.

Ciniki kamar na Kantin Kwari ne, sai dai a nan ba a rantse-rantse. Ka san farashin da irinta ta faɗi a gwanjon da aka riga aka kammala, ka lissafo abin da ka gani a jikinta cikin ladabi, ka tambayi nawa ne kuɗin fita da ita ƙofa har da haraji in da tsabar kuɗi zaka biya. In bai sauko ba ka yi godiya ka tafi, irinta miliyoyi ne.

Wani lissafi da ke ruɗar mutane: mafi arahar da zaka gani ta farautar tsuntsaye ce mai baki inci 26 ko 28, wadda juyawa da ita a lungun gida wahala ce. Sabon baki mai 18.5 yana iya cin dala ɗari da wani abu ko fiye, kaga arahar ta tafi, sai in dama kana son farauta ka riƙe biyun. Kuma in Mossberg ce ka tabbatar bakin ya dace da tsawon bututun ƙasa, na mai cin shida ba ya hawa mai cin takwas. Kar ka ɗauki zarto da kanka. In ta farauta ce zaka ga harsashi biyu kawai take ɗauka a ƙasa, ba lalacewa ta yi ba, wani guntun sanda ne aka zura a ciki saboda dokar farautar tsuntsaye masu ƙaura da ta ƙayyade uku, ana cire shi, ranar farauta a mayar.

Gyara ta

Kafin ka sayi komai ka wanke ta, ka canza sifirin ɗin bututun ƙasa da ɗan murfin da ke tura harsashi, kuɗinsu kaɗan ne kuma su ne ke gajiya. In ba ka saba ba ka ba mai gyara ya duba ta gaba ɗaya sau ɗaya. Sannan ka kai ta filin harbi yadda take, ka harba kwali biyu uku na harsashin tsuntsaye, jikinka zai gaya maka abin da take buƙata.

Abu na ɗaya tocila, wannan ba zaɓi bane. A 2013 a Dearborn Heights ta Mishigan wani mutum ya ji ana buga masa ƙofa da asuba, ya buɗe ya harbi wadda ke tsaye da shotgan ta cikin ƙofar raga, ashe Renisha McBride ce, yarinya ƴar shekara 19 da ta yi hatsarin mota, ba makami a hannunta. Kotu ta same shi da laifin kisa a 2014. Gidajenmu kuma kullum da baƙi, ga yaro ya dawo daga aikin dare, ga ƙanin matarka da ya sauka jiya ya tashi shan ruwa. Abin da ba ka gani sarai ka gane ba, ba ka ɗora masa yatsa a kunama. Akwai famfon da ke zuwa da tocila a jikinsa, irin Streamlight TL-Racker da na SureFire mai tsada, ko ka sayi maɗauri ka ɗora tocilar da aka yi don bindiga, ta kasuwa bugu biyu take mutuwa. Ka ajiye wata tocilar hannu daban kusa da gado, saboda duk abin da ka haska da ta jikin bindiga ka nuna shi da bindiga kenan.

Na biyu gindi. Na kamfani yawanci tazarar kunama zuwa kafaɗa tana kusan inci 14, an yi shi don dogon mutum mai harbin agwagwa, ga yawancinmu da matanmu ya yi tsawo, hannun hagu ya miƙe har ka kasa jan famfon zuwa ƙarshe. Inci 12 zuwa 13 ya fi. Kamfanin Hogue suna da gajere, Magpul SGA kuma ana ƙara shi a rage shi da ƴan faifai don haka kowa a gidan zai iya gwadawa, tsohon katakon ma mai gyara zai iya rage shi ya sa robar kafaɗa mai laushi irin Limbsaver, a kula dai tsawon duka kar ya sauka ƙasa da 26. Wadda ba gindi sai mariƙi kamar na fistol, ta fim ce, saiti da ita wahala ga ciwon hannu. Gindi mai mariƙin fistol a Mossberg 500 ma bai yi ba, yana nesanta babban yatsa da seftin.

Daga nan sauran ƙanana ne. Faifan harsashi na gefe mai manne-ɓare irin na Esstac, mai huɗu ya isa, mai yawa nauyi yake ƙarawa gefe guda. Ɗan ƙwallon saitin gaba in idonka ba ya kama shi da dare akwai babba mai haske na XS. Marataya wasu na so wasu na cewa tana maƙalewa a hannun ƙofa, ni in za a sa to mai sauƙi a ɗaure ta tsaf. Ƙarin bututu don cin harsashi da yawa, 590 da tsoffin 870 suna karɓa, 500 ba ta karɓa saboda yadda aka rufe bakin bututunta, Express na baya-baya kuma akwai ƴan loɓa biyu a ciki da ke hanawa sai mai gyara, kuma ka duba dokar jiharka. Leza, da garkuwar zafi, da ƙarfe mai haƙora a baki, da zanen ƙoƙon kai ko rubutun barazana, bar su a shago. In wani abu ya faru bindigar nan gaban alƙali za a ajiye ta.

Harsashi da gwaji a takarda

Maganar cewa shotgan ba sai an yi saiti ba ƙarya ce. A faɗin falo ƙwayoyin dalmar ba su gama rabuwa ba, duka ba su fi tafin hannu ba, kuskurewa abu ne mai sauƙi. Wanda aka fi amfani da shi don tsaro shine 00 bok, harsashi mai manyan ƙwayoyin dalma, ƙwaya 8 ko 9 kowacce kusan inci 0.33, sai lamba 4 bok mai ƙananan ƙwayoyi wajen 27. Kamfanin Federal suna da mai FliteControl wanda ke riƙe ƙwayoyin a dunƙule zuwa nesa. Ka nemi mai sassaucin bugu, 2¾, manyan nan na inci 3 wahalar banza ce.

Ka auna wuri mafi tsawo a cikin gidanka, ka je fili ka kafa babbar takarda a daidai wannan nisan, ka harba iri biyu ko uku kowanne a sabuwar takarda, ka zaɓi wanda ya fi taruwa, saboda kowane baki da irin wanda yake so. Kuma ka sani bangon gidajen Amurka allon filasta ne, 00 yana ratsa da yawa daga cikinsu ya wuce. Ka zagaya gidan ka san bayan wane bango yara ke kwana, wanne ne ke haɗe da maƙwabci. In a afatmen kake wannan kaɗai ya isa ka sake tunani ko shotgan ce ta dace da kai.

Matsalar da ta fi kama mai fam-akshin ita ce rashin jan famfon har ƙarshe a cikin ruɗewa, sai ta cije ko ta rufe ba komai a ciki. Maganin shine maimaici, baya da ƙarfi gaba da ƙarfi, da na roba a gida bayan ka fitar da duk harsashin gaske daga ɗakin, da na tsuntsaye a fili. Ka biya kuɗin aji ɗaya na kwana guda wajen ƙwararren malami, madam ma ta je in zata taɓa ta. A ajin zaka ji dokar kare kai ta jiharka, domin wasu jihohin sai ka nemi hanyar janyewa in a waje ne, kare dukiya kaɗai ba ya halatta kisa a kusan ko'ina, harbin gargaɗi da bin ɓarawo waje kuma suna iya mayar da kai wanda ake tuhuma. Tsarin da malaman ke koyarwa shine ka tara iyali a ɗaki ɗaya, ka kulle, ka kira 911, ka jira a nan, in ƴan sanda sun iso ka ajiye ta hannunka ya zama ba komai.

Ajiya

Wannan kuɗin ka ware shi tun kafin na bindigar. Tun 2020 bindiga ce kan gaba wajen kashe yara da matasa ƴan shekara 1 zuwa 19 a Amurka, kuma fiye da rabin mutuwar bindiga a ƙasar mutum ne ya kashe kansa. Saman wadirob da ƙarƙashin gado yara sun san su sarai. Akwai akwatin bango mai lambobi da ke kama tsakiyar bindigar ya rufe kunama, irin na ShotLock da Hornady, yana buɗewa cikin daƙiƙa biyu uku, a ɗaure shi da sukuru a cikin katakon bangon. Ƙaramin kwaɗo mai igiyar ƙarfe kuwa ofisoshin ƴan sanda da yawa kyauta suke rabawa ƙarƙashin shirin Project ChildSafe.

Kar ka ajiye ta da harsashi a cikin ɗakin harsashinta. Seftin waɗannan bindigogin kunama kawai yake tarewa, in ta faɗi da ƙarfi tana iya tashi, shi yasa ƴan sanda ma a mota suke barin ɗakin ba komai sai bututun ƙasa. Wasu jihohin, irin Masacuset, suna da dokar kulle bindiga, ka duba taka. In wani a gidan yana cikin damuwa mai tsanani, ko rigima ta yi zafi tsakaninka da iyali, ka fitar da ita daga gidan zuwa shagon da ke karɓar ajiya har abin ya lafa, layin 988 kuma, na taimakon masu damuwa ko tunanin kashe kansu, ana kiransa dare da rana. Lambar jikinta da hotonta da rasit ka adana su a wani wuri daban, batirin tocila da na akwatin kuma ka sa ranar canza su a waya, duk wata shida.